Ƙanena mai son koyon tiyata a Amurka, fara duba asibitocin da za a tura ka

Assalamu alaikum, ƙanena Dakta. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ci jarrabawar lasisin likita ta Amurka, wato USMLE, mataki na 1 da na 2, kana jiran takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, kuma kana so in lissafo maka manyan jami'o'in Amurka da za ka nema domin horon ƙwarewa a tiyata, wato rezidensi. Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari naka. Sunayen jami'o'i ba su da wuyar samu, amma ba daga nan nake so ka fara ba. Sunan jami'a a kan takardar shaida zai tsaya. Hannunka kuwa a wasu asibitoci daban zai faɗa, kuma mai nema daga nesa sau da yawa bai ma san da su ba.

Shirin horo a nan ba kasafai yake zama asibiti guda ba. Akwai uwar cibiya mai ɗaukar nauyin shirin, sannan akwai asibitocin da ta ƙulla yarjejeniya da su, inda za a riƙa tura ka wata ɗaya, wata biyu, wani lokacin uku, har shekara 5 ta cika. Hukumar ACGME, wadda ke amincewa da shirye-shiryen, tana nuna sunayen waɗannan wurare a shafinta, da matsayin kowane shiri, ko lafiya yake ko an ja masa kunne. Wannan jerin shi ne abin karantawa na farko, domin kowane irin asibiti da abin da yake koyarwa da kuma abin da ba zai koya maka ba.

Babban asibitin jami'a shi kowa ke hange, kuma akwai dalili. Tsarin rezidensi na tiyata a ƙasar nan a irinsa aka haife shi, a Johns Hopkins da ke Baltimo, wanda aka buɗe a 1889, a hannun William Halsted. A irin waɗannan wurare za ka ga dashen hanta da na ƙoda, manyan ayyukan ciwon daji, da marasa lafiyar da ƙananan asibitoci suka kasa suka turo. Za ka koyi tunani, ka koyi kare hujjarka a gaban manya a taron mako inda ake bin diddigin duk wanda ya rasu ko aikinsa ya samu matsala. Sai dai ga abin da ba a rubutawa a tallar shiri: a nan ne ake da waɗanda suka riga suka gama shekara 5 suka dawo neman ƙarin ƙwarewa a fanni guda, waɗanda ake kira felo. Idan babban aiki ya zo, felo ne ke tsayawa daura da malami, kai kuwa kana gefe riƙe da ƙarfen buɗe ciki, kana leƙe. Ba ko'ina abin yake haka ba. Wasu wuraren sun raba aikin da adalci, felo da marasa lafiyarsa, babban reziden da nasa. Shi ya sa ake tambaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan shirye-shirye kuma suna so ka tsaya shekara 1 ko 2 a tsakiya ka yi bincike, tafiyar ta koma shekara 6 ko 7. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin bizar J-1 ta likitoci yawanci iyakarta shekara 7 ce, kuma tana ɗauke da sharaɗin komawa gida shekara 2 bayan gamawa, sai in an yi maka sassauci.

Ni a ganina, shirin da ba shi da asibitin gwamnati na talakawa a cikin jerinsa ya rasa wani abu mai girma. Ina nufin irin su Parkland a Dalas, Grady a Atlanta, Cook County a Shikago, Bellevue a Niyok, Ben Taub a Hustan. Nan ake kawo wanda aka harba, wanda aka soka, wanda mota ta kaɗe da tsakar dare, da wanda ba shi da inshora ya yi ta daurewa har hanjinsa ya toshe ko afendis ɗinsa ya fashe. Aiki ya fi hannu yawa, don haka da wuri ake miƙa maka wuƙa, malami na tsaye a kanka. A shekarar ƙarshe kai ne mai yanke shawarar a shiga ɗakin tiyata ko a jira, kai ne kuma za ka bi da ƙaninka a aiki ɗinki bayan ɗinki. Wahala akwai ta: kayan aiki ba kamar na asibitin masu kuɗi ba, kuma kai za ka bi sawun hoto da sakamakon jini, wani lokacin har tura gado. Amma natsuwar da likita ke samu idan ya buɗe ciki ya tarar jini ya cika shi, a irin wuraren nan aka fi samun ta. Kai da ka saba ganin ciwon da ya daɗe kafin a zo asibiti, ba za ka ji baƙunta sosai ba.

Sai asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda ake kira VA, da yawancinsu ke haɗe da makarantun likitanci. Marasa lafiyarsu galibi maza ne masu shekaru, ga ciwon suga, ga ciwon zuciya, ga toshewar jijiyoyin ƙafa. Gwaiwa, maɗaciya, ciwon dajin babban hanji, yanke ƙafa, su ne abincin yau da gobe. Aiki ba ya gudu a can kamar sauran wurare, amma akwai abu ɗaya mai daraja: kai za ka ga mutum a kilinik, kai za ka yi masa aiki, kai kuma zai dawo wa bayan mako biyu ka ga yadda ɗinkinka ya warke. A manyan asibitoci da wuya ka samu wannan zaren bai tsinke ba.

Asibitocin gari masu zaman kansu kada ka raina su. A nan ake yin aiki ɗaya sau da yawa a yini, cikin sauri da tsabta, kuma a nan ne da yawa ke sabawa da tiyata ta ƙananan huji da kyamara, da ta robot, da leƙa ciki da hanji da na'ura. Inda babu felo, aikin naka ne. Matsalar ita ce mara lafiyar na malamin ne, shi ya zo nema, kuma wani malamin ba ya sakin wuƙa sai ya daɗe da saninka. Tiyatar yara, ƙuna da dashe kuwa, ƙananan shirye-shirye da yawa ba su da su a gida, sai su aika ka wani gari na wata ɗaya ko biyu. Ka tambaya wa ke biyan masauki.

Za a nuna maka alƙaluma a lokacin ganawa, to ka san ma'auninsu. Hukumar ABS, mai ba da shaidar ƙwarewa a tiyata, tana buƙatar aiki 850 aƙalla cikin shekara 5, 200 daga ciki a shekarar ƙarshe, kuma 250 kafin ka shiga shekara ta 3. Kusan kowane shiri da aka amince da shi yana wuce wannan, saboda haka jin cewa ɗalibansu na gamawa da aiki dubu ɗaya bai gaya maka komai ba tukuna. Abin bincike shi ne yadda alƙaluman suka rabu: nawa ne na hanta da fankiriyas, nawa na jijiyoyin jini, nawa na maƙoƙo, nawa na hatsari, kuma a cikinsu wanne reziden ya yi da hannunsa daga yanka zuwa rufewa. Shugaban shiri ba shi ne zai amsa maka wannan ba. Ka nemi ɗan shekara ta 4 ko ta 5, ka tambaye shi aikin da zai iya yi shi kaɗai gobe idan malami bai zo ba, da asibitin da ya koya a ciki. Ka tambaye shi mutum nawa suka fara tare, nawa suka rage. ABS tana kuma wallafa yadda ɗaliban kowane shiri ke cin jarrabawarta ta rubutu da ta baka a karon farko, ka duba.

Akwai wurin da nake so ka buɗe ido sosai, domin nan 'yan'uwanmu masu zuwa daga waje suka fi shan wuya. Kujerun tiyata iri biyu ne. Akwai katagorikal, wadda ke kai ka har ƙarshen shekara 5 in ka yi abin da ya kamata. Akwai firiliminari, ta shekara 1, wani lokacin 2, ba tare da alkawarin ci gaba ba. Manyan asibitoci masu suna suna da irin ta biyun da yawa, kuma ita ce ta fi sauƙin samuwa ga wanda ya yi karatu a waje. Mutum ya ji sunan wuri ya yi murna, ya yi aikin dare kamar kowa, shekara ta ƙare ya sake komawa layin nema. Wasu ta nan suka shiga suka dace, ba na musu. Amma in ka samu katagorikal a ƙaramin gari da ba ka taɓa jin sunansa ba, da firiliminari a wuri mai tashe, ni ta farkon zan ce ka sa a saman jerin zaɓinka. In kuwa firiliminari kaɗai ta samu, ka tambaya ƙarara mutum nawa daga cikin waɗanda suka riƙe ta a shekarun baya suka samu kujerar dindindin, kuma a ina.

Ka auna nisa tsakanin asibitocin a taswira. Dokar ACGME tun 2003 ta taƙaita aiki zuwa awa 80 a mako, a matsakaicin mako 4, amma tuƙi ba ya cikin lissafin. Shirin da wurarensa suka warwatse yana nufin mota da lasisin tuƙi tun watan farko, da hanya bayan kwana a tsaye, a kan albashin da ke kusa da dala dubu 60 zuwa 70 a shekara kafin haraji. In kana da iyali, wannan ma abin shawara ne da su.

Dokokin biza suna yawan sauyawa, don haka ka tabbatar da halin da ake ciki daga ECFMG, ka kuma tabbatar shirin yana ɗaukar mai biza, kafin ka biya kuɗin nema a watan Satumba. Ka zaɓo shirye-shiryen da suka kwanta maka a rai, ka rubuta asibitocin kowanne a ƙarƙashinsa da yawan watannin da ake yi a can, ka turo mini mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida mutanen gida. Allah ya yi maka jagora.