Hajiya, a kai shi a duba zuciyarsa kafin a ce olsa ce

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki a kan maigida mai ciwon suga, da kika ce yana haki in ya hau bene, ga ƙwannafi ga zufa, amma ƙirji ba ya ciwo, kina neman yadda za a kare masa zuciya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ta nan nawa ya biyo. Don Allah gobe-goben nan a je a yi masa ECG, wato gwajin da na'ura ke duba yadda zuciya ke bugawa.

Ni daga gidanmu a Aboabo da ke Kumasi zuwa masallaci sai na tsaya na dafa bango. Na je wani kemis, yaron ko ɗago kai bai yi ba ya ce olsa ce, ya miƙo mini farin maganin ruwa. Na ce masa ina da suga fa, har na maimaita. Ya ce, "Alhaji, ku dai rage yaji." Har yau in na bi ta ƙofar shagon nan raina sai ya ɓaci. Mutum bai san abu ba, me zai hana ya ce tafi asibiti? Daren da abin ya kayar da ni ina alwala ne. Zufa mai sanyi ta jiƙa rigata sharkaf, muƙamuƙina ya riƙe, amai ya taso, buta ta suɓuce. Uwargida na ta salati, yara sun bazama titi neman taksi. A asibitin Komfo Anokye aka yi ECG da gwajin jinin troponin, mai nuna ko naman zuciya ya ji rauni, likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa.

Shi ya fahimtar da ni cewa suga na cin bangon jijiyoyin jini har kitse ya taru ya matse hanya, kuma yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Shi ya sa irinmu zuciya kan buga ba mu ji komai a ƙirji ba.

Ki tambayi likita maganin kitsen jini, irin atorvastatin, yawancin masu suga da suka haura shekara 40 ana ɗora su a kai. Hawan jini a nemi ya sauka ƙasa da 130/80. Aspirin kuwa kada ya saya da kansa, yana iya sa ciki zubar jini. Akwai su dapagliflozin da empagliflozin masu taimakon zuciya da ƙoda, sai dai kuɗinsu da zafi. Af, masu tallar sassaƙe a motocin haya na trotro da ke cewa a ajiye ƙwayar asibiti, ki toshe kunne, sun kwantar da mutane da yawa a zango. A yi HbA1c, shi ke nuna sugan wata uku, ana so ya tsaya wajen kashi 7 cikin ɗari. Koko ba sukari, wake da shinkafa waken ya fi yawa, a rage gishiri da magi. In yana shan taba ya bari. Tafiyar motsa jiki kada ya fara sai likita ya duba shi tukuna.

In hakin ya zo masa yana zaune, ko zufar nan ta karyo da dare, kada ki jira asuba, ki kira lambar gaggawa 112 ko ki tari mota. Katin NHIS ɗinsa na inshorar lafiya ma ki duba ko ya mutu, ana sabuntawa a waya ta *929#. Allah ya ba shi lafiya, ki sanar da mu abin da aka gani.