Alawus ɗin haɗari ko kawar da haɗarin? Amsoshin tambayoyinku kan ƙungiyar ƙwadago da lafiyar ma'aikaci

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun fi karkata ga batun lafiyar ma'aikaci a wurin aiki da kuma rawar da ƙungiyar ƙwadago ke takawa a kai. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, kuma na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Malam, ina aiki a masana'antar da ake yanka duwatsu ana goge su domin shimfiɗawa a daɓe. Ƙura takan turnuƙe rumfar har mutum ya daina ganin wanda ke tsaye a ɗaya ƙarshen. Bara ƙungiyarmu ta zauna da masu kamfani, aka dawo mana da albishir cewa an samo mana alawus ɗin haɗari duk wata, kuma za a riƙa raba mana takunkumin rufe hanci. Kowa ya yi murna, har da ni. To amma yanzu abokan aikina biyu suna fama da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shin nasara ƙungiyar tamu ta yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba abokan aikinka lafiya. Kafin mu shiga maganar ƙungiya, ka roƙe su su je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsu, kuma su gaya wa likita irin aikin da suke yi da adadin shekarun da suka shafe suna yinsa, domin likitan da bai san sana'ar majiyyaci ba yana iya ɗaukar abin a matsayin tari na yau da kullum. Kai ma ka je, ko da ba ka jin komai.

Ƙurar da ido ke gani a rumfarku ba ita ce ta fi illa ba. A cikinta akwai wata mai laushi ƙwarai ta sinadarin silika, wadda ke wucewa har can cikin huhu ta zauna, huhun ya riƙa yin tabo yana taurarewa a hankali har numfashi ya gagara. Sunan cutar silikosis, ba a warkewa daga ita, takan ci gaba da cin jiki ko bayan mutum ya bar aikin, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ma'aikatan haƙar zinariya a Afirka ta Kudu sun sha wannan azaba shekara da shekaru, da yawansu sun koma ƙauyukansu a Lesoto da Mozambik ba su ma san sunan abin da ke kashe su ba, sai a 2018 manyan kamfanonin haƙar suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5. Kafin kuɗin su fito, mutane da dama sun riga sun rasu.

A ganina, ƙungiyarku ta ci nasara a kan albashi, amma ta bar maganar lafiya a inda ta same ta. Masana lafiyar wurin aiki sun daɗe da jera matakan kariya bisa ƙarfinsu. Mafi ƙarfi shi ne a kawar da abin da ke cutarwa ko a musanya shi da wanda bai kai shi illa ba. Idan hakan bai yiwu ba, a tare shi tun daga tushe, wanda a sana'arku yake nufin a riƙa yanka dutse da ruwa yana kwarara a kan zarto, a kuma kafa na'urar zuƙe ƙura dab da bakin injin, a daina share rumfa da busasshiyar tsintsiya. Takunkumi shi ne matakin ƙarshe, kuma shi ne mafi rauni. Idan ka cire naka da yamma, ka duba madubi: in ka ga farin layi a gefen hancinka, to ta nan ƙurar ta yini tana shiga. Kamfani yakan fi son ya biya alawus ya raba takunkumi saboda sun fi gyaran inji araha, shugabannin ƙungiya kuma sukan karɓa saboda kuɗi abu ne da kowane mamba zai gani a aljihunsa a ƙarshen wata, alhali cutar da aka hana aukuwa ba wanda zai gan ta balle ya gode. Ban zargi shugabanninku da mugun nufi ba, amma wannan ciniki ne da ma'aikaci ke faɗuwa a cikinsa.

Akwai inda ƙungiyoyi suka ƙi wannan ciniki. A Ostireliya, bayan an ga matasa masu yanka wani dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a ɗakin girki suna kamuwa da silikosis cikin 'yan shekaru kaɗan, ƙungiyoyin ma'aikatan gini sun matsa lamba har gwamnati ta haramta aiki da dutsen daga 1 ga Yulin 2024. Ku ma ku koma teburin tattaunawa da buƙata a rubuce: a auna yawan ƙurar da ke iskar rumfar, a kawo ruwa da na'urar zuƙewa cikin wa'adin da aka sa wa hannu, a riƙa duba lafiyar kowa da kuɗin kamfani, kuma a ba kowane ma'aikaci sakamakon gwajinsa a hannunsa. Alawus ɗin kada ku mayar, haƙƙinku ne, sai dai kada a bari ya zama dalilin rufe baki. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cuta ce ke kashe su, yayin da haɗarin nan take ya ɗauki kimanin 330,000.

Tambaya: Ni mace ce, ina aiki da injin matse roba. An cire murfin kariyar injin domin aiki ya yi sauri, kuma da na yi magana sai mai kula da sashenmu ya ce in ci gaba ko in bar wa wata wurin. Ina da ikon in ƙi?

Amsa: 'Yar'uwa, a ƙa'idar ƙwadago ta duniya kina da wannan iko. Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta shekarar 1981 ta faɗa a sashe na 13 cewa ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin yana barazana ta kusa kuma mai tsanani ga ransa ko lafiyarsa, wajibi ne a kare shi daga hukuncin da bai dace ba. Sashe na 19 ya ƙara da cewa ma'aikacin zai sanar da na gaba da shi nan take, kuma mai aiki ba shi da damar tilasta masa komawa muddin haɗarin yana nan. A watan Yunin 2022 babban taron ILO ya sanya lafiya da aminci a wurin aiki cikin haƙƙoƙi na asali, waɗanda ake sa ran kowace ƙasa mamba ta mutunta ko da ba ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ba. Yadda za a aiwatar da wannan kuwa ya danganta da dokar ƙasarki, don haka ki nemi jami'in ƙungiyarku ya nuna miki abin da ta tanada.

Amma zan gaya miki gaskiya, domin kada in tura ki cikin wahala da takarda a hannu kawai: mace ɗaya da ta tsaya ita kaɗai gaban mai kula da sashe, sau da yawa korarta ake yi, sannan a samo wani dalili a rubuta. Ranar 23 ga Afrilun 2013 an ga tsagewa a bangon ginin Rana Plaza da ke Savar, kusa da Daka a Bangaladesh. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe. Washegari masu ɗinki na masana'antun tufafin da ke saman ginin, galibinsu mata, suka taru a bakin ƙofa suna jin tsoron shiga, aka yi musu barazanar hana albashi, suka shiga. Da safiyar nan ginin mai hawa takwas ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Sun ga haɗarin da idanunsu, abin da suka rasa shi ne ƙungiyar da za ta ce da murya ɗaya ba mai shiga. Cikin makonni uku manyan ƙungiyoyin ƙwadago na duniya biyu, IndustriALL da UNI, tare da ƙungiyoyin Bangaladesh, suka sa kamfanonin tufafi suka fara rattaba hannu kan yarjejeniyar kariya daga gobara da rushewar gini, wadda daga baya kamfanoni sama da 200 suka shiga. Abin da ya bambanta ta da alkawuran baya shi ne ana iya gurfanar da wanda ya saɓa mata, kuma ta rubuta ikon ƙin aiki mai haɗari ɓaro-ɓaro.

Saboda haka ki rubuta ƙorafinki da kwanan wata, ki riƙe kwafi, ki nemi abokan aiki biyu ko uku su sa hannu tare da ke, ki kai wa wakilin ƙungiya a ranar. Ki bayyana cewa a shirye kike ki yi wani aikin har a mayar da murfin, domin kada a ce aiki kika ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya: shaidar da aka tara kafin rikici ita ce ke amfani idan magana ta kai gaban sufeton ƙwadago ko kotu. Kuma kada ki sake kai hannu kusa da bakin injin nan yana buɗe.

Tambaya: Malam, ni manaja ne a wani kamfani, kuma ina ƙoƙari iyakar iyawata a kan lafiyar ma'aikatana. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ƙungiya ke son a ba ta kujera wajen tsara dokoki da manufofin hulɗar ma'aikata da masu aiki. Ashe ba aikin gwamnati ba ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, na yaba da ƙoƙarinka, kuma na yarda akwai manajoji masu tsoron Allah irinka. Sai dai tun kafa ILO a 1919 aka gina ta kan ƙafa uku, gwamnati da masu aiki da ma'aikata, kowanne da ƙuri'arsa, saboda an lura cewa dokar da aka rubuta ba tare da wanda ke tsaye gaban injin ba takan manta da abin da shi kaɗai ya sani. Shi ne ya san ƙofar da ake kullewa da dare, da maɓallin da ake ɗaurewa da waya idan oda ta yi yawa. Babu ƙasar da ke da sufetocin da za su kasance a kowace masana'anta kullum, ma'aikata kuwa suna nan kullum.

Tarihi ma ya nuna yawancin dokokin da kake bi yau matsin lamba ne ya haife su. A 1909 dubban mata masu ɗinki a birnin New York na Amurka sun yi yajin aiki, amma masu kamfanin Triangle suka ƙi amincewa da ƙungiya. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin, wata ƙofar fita tana kulle, mutum 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan mata baƙin haure. Bayan haka ne jihar New York ta kafa kwamitin binciken masana'antu, aka yi dokoki sama da 30 cikin 'yan shekaru. A Birtaniya kuwa, bayan dokar lafiya da aminci a wurin aiki ta 1974, ƙa'idojin 1977 sun ba ƙungiyar da aka amince da ita ikon naɗa wakilan lafiya, waɗanda ke da damar zagaya wurin aiki su bincika duk bayan wata uku, su binciki musabbabin haɗari, a kuma biya su lokacin da suka ɓata a kan hakan. Wannan tsari shi nake ganin ya fi cancanta ƙungiyoyi su nema a duk inda ake sabunta dokar ƙwadago, fiye da ƙarin tarar da ba a cika karɓa ba. Kai ma yana da amfani a gare ka, domin wakilin da ba ya tsoron kora zai gaya maka abin da mataimakanka ke ɓoye maka, kuma gara ka ji shi a ofis da ka ji shi a asibiti.

Tambaya: Mu ma'aikatan ɗan kwangila ne. Mu ake turawa wanke tankuna da hawa sama, amma ƙungiyar da ke kamfanin ta ce mu ba mambobinta ba ne, kuma kwalkwali da takalmi ma daga albashinmu ake cirewa.

Amsa: Ɗan'uwa, cire kuɗin kayan kariya daga albashi ya saɓa wa sashe na 21 na yarjejeniya ta 155, wanda ya ce matakan kariya ba za su ci wa ma'aikaci ko sisi ba, sashe na 17 kuma ya wajabta wa kamfanoni biyu da ke aiki a wuri ɗaya su haɗa kai a kan kariya, don haka babban kamfanin ba zai wanke hannunsa ya ce ku na ɗan kwangila ne ba. Amsar da ƙungiyar ta ba ku kuwa ta ba ni takaici, domin ƙungiyar da ta zuba ido aka kwashe ayyuka mafi haɗari aka ɗora wa waɗanda ba su da kati, tana rage ƙarfin kanta ne. Yarjejeniyar ILO mai lamba 87 ta 1948 ta ba ma'aikata, ba tare da wani bambanci ba, 'yancin kafa ƙungiya ko shiga wadda suka zaɓa. Ku rubuta wa babbar sakatariyar ƙungiyar ta ƙasa, ku wuce reshen kamfanin, ku nemi a karɓe ku ko a taimaka muku ku kafa reshenku. Kafin a kai ga haka, kada ɗayanku ya shiga tanki sai an auna iskar da ke ciki, an kulle bututun da ke shiga, kuma akwai mutum tsaye a bakin tankin da igiya, wanda ba shi da wani aiki sai lura da na ciki.