Cin hanci, talauci da ƙwaya: shin su ne ke nuna ƙasa ta ruguje?

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ita ce: ƙasar da cin hanci ya yi wa katutu, talauci ya yi wa kanta, masu fataucin miyagun ƙwayoyi kuma suke cin karensu babu babbaka a cikinta, shin za a ce ta ruguje ke nan? Na ga 'yan'uwa da dama sun amsa maka da "ƙwarai kuwa" suka wuce. Ni tawa amsar a'a ce, amma mai sharaɗi. Ka yi haƙuri zan ɗan ja ta, domin na shafe shekaru ina aikin jigilar kayan agaji a ƙasashen da ake liƙa wa wannan suna, kuma a kan hanya na koyi abin da zan gaya maka.

Akwai wata kan iyaka da muka taɓa kwana uku da tireloli cike da magani. Jami'in kwastam ya ce hatimi ɗaya a takardunmu bai fito sosai ba. Kowa ya san abin da yake nufi, mu kuma dokar aikinmu ta hana mu ba da ko sisi. Kullum da safe sai ya ɗauko takardun, ya ɗaga su sama yana hasken rana da su kamar mai duba jabun kuɗi, ya girgiza kai, ya mayar cikin aljihun tebur. Rana ta uku na samu lambar wani a ma'aikatar da ke babban birni, shi kuma ya kira ogan jami'in. Ba a yi awa guda ba mutumin ya buga hatimi, yana huci, ko kallona bai yi ba. Da wannan takarda muka ratsa ƙasar har inda za mu. Duk shingen da muka isa, suna ganin hatimin sai su ɗaga ƙarfe. A ranar kam na tsine wa ƙasar a zuciyata, na ce wannan ai ta gama lalacewa.

Sai da aka tura ni wata ƙasar na gane ban ga komai ba. Can shinge igiya ce a ɗaure tsakanin gangunan mai biyu, mai tsaronta yaro ne da bai wuce shekara sha shida ba, da silifa a ƙafa da bindiga a kafaɗa. Na miƙa masa takardar izini ta ma'aikata, mai tambarin gwamnati da sa hannun babban sakatare. Ya riƙe ta kai a ƙasa, ya ɗan jujjuya, ya mayar mini. Direbana ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan takardar tun a bayan gari ta gama aikinta." Abin da ke buɗe igiyar wata 'yar guntuwar takarda ce da madugun yankin ke rubutawa da biro, ita ma daga ka haye gada ta gaba ta zama shara, sai ka nemi ta wani madugun. Na laluba aljihu zan ɗauko waya kamar yadda na saba, sai na tsaya. Wa zan kira? Babu wani a sama da yaron nan da zai ji tsoro, in ban da wanda ya ba shi bindigar.

Daga nan na fahimci cewa jami'in farko, duk da mugun halinsa, shaida ce ta cewa hukuma na raye. Yana neman toshiyar baki ne saboda hatiminsa na da daraja, kuma ya saki takardun ne saboda akwai wanda zai iya cire masa kaki. Ranar da ka ga mutane sun daina bai wa jami'i na goro alhali bai shiryu ba, kawai don sa hannunsa ba ya buɗe ko ƙofar akurki, to ranar ce za ka yi salati.

Masana ma kusan nan suka tsaya. Bajamushen nan Max Weber ya faɗa tun 1919 cewa abin da ya sa hukuma ta zama hukuma shi ne ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta. Ni nakan sauƙaƙa wa kaina da tambaya uku: bindigar wa ke da magana ta ƙarshe, wa ake biya haraji, kuma in an zalunce ka wajen wa kake kai ƙara? Dubi Somaliya bayan faɗuwar Shugaba Siad Barre a Janairun 1991. Babu soja na ƙasa, babu kotu, babu babban banki mai aiki, madugan yaƙi suka raba Mogadishu unguwa-unguwa, har 'yan kasuwa suka riƙa buga takardun shilin da kansu suna shigowa da su. Sai a 2012 aka sake kafa gwamnatin tarayya da ba ta riƙon ƙwarya ba. Saboda irin wannan hali ne wasu Amurkawa biyu, Gerald Helman da Steven Ratner, suka yayata wannan laƙabi na ƙasar da ta gaza a 1992. Abin lura kuma, cibiyar Fund for Peace da ta fara fitar da jerin irin waɗannan ƙasashe a 2005, ita da kanta ta sauya wa jerin suna a 2014, ta koma cewa ƙasashe masu rauni, don ta ga kalmar farko ta yi kaushi, tana cuɗa marar lafiya da gawa a makara ɗaya.

Talauci ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne mafi raunin hujja. Malawi na cikin matalautan ƙasashen duniya, ga kuma badaƙalar satar kuɗin gwamnati da ta fashe a can a 2013. Amma a Fabrairun 2020 alƙalai biyar na kotun tsarin mulki suka soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci, Peter Mutharika, bayan an ga an yi ta shafe alƙaluma da Tipp-Ex, farin ruwan goge rubutu, a takardun sakamako. Aka sake zaɓe a watan Yuni, ya faɗi, ya sauka. Libiya kuwa da man feturinta da komai, bayan 2011 ta tarwatse, zuwa 2014 gwamnati biyu ke ja-in-ja a kanta. Wacce ce ta ruguje a cikinsu?

Shi cin hanci iri biyu ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Akwai wanda ke yagar rabonsa ya bar injin na tafiya. Suharto ya mulki Indonesiya fiye da shekara talatin, ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta abin da ya wawura da dala biliyan 15 zuwa 35, amma an gina makarantu da hanyoyi, soja na karɓar albashi, kuma da ya faɗi a 1998 ƙasar ta yi tangal-tangal ta miƙe. Akwai kuma wanda ke cin ginshiƙin ɗaki kamar gara. Shugaba Mobutu ya tatsi Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, har ta kai a Janairun 1993 an biya sojoji da sabuwar takardar kuɗi ta zayar miliyan biyar, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, sojoji suka bazama cikin Kinshasa suna wasoso, aka kashe ɗaruruwan mutane har da jakadan Faransa. Haka a Iraƙi, lokacin da Mosul ta faɗa hannun 'yan IS a Yunin 2014, dakarun gwamnati da ke rubuce a takarda sun ninka maharan sau da yawa. Bayan 'yan watanni Firaminista Haider al-Abadi ya sanar cewa an gano sojojin bogi dubu 50, sunaye ne kawai da manya ke karɓar albashinsu. Satar kuɗin kwangilar hanya tana jawo ramuka da haɗari, kuma zunubi ce babba. Amma satar albashin soja da harsashinsa, ita ce ke sa a wayi gari a ga kaki a yashe a bakin titi.

Sai maganar ƙwaya, wadda na san ita ce ta fi tsorata mutane. Abin da ba a cika lura da shi ba, babban dillalin hodar iblis ɗan kasuwa ne. Yana buƙatar tashar jirgin ruwa mai aiki, da hanya mai kyau, da bankin da zai wanke kuɗinsa, da fasfo da ake karɓa a waje, da ɗan sandan da zai saya ya kama masa abokin gaba. Kaska ce, jini take so, ba ta da riba in saniya ta faɗi. Shi ya sa yake sayen hukuma maimakon ya rushe ta.

Meksiko ce misalin da kowa ke kawowa, kuma wallahi abin da ke can ya isa a firgita. Tun da Shugaba Felipe Calderón ya tura soja jihar Michoacán a Disambar 2006, jini bai tsaya ba. An yi shekaru ana kashe sama da mutum dubu 30 a kowace shekara, waɗanda aka rubuta sun ɓace kuma sun haura dubu 100. Madugun masu safarar ƙwaya El Chapo ya tsere daga kurkuku mafi tsaro a 2015 ta ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi, har da babur a kan dogo a ciki. Genaro García Luna, ministan da aka damƙa wa yaƙi da masu ƙwaya daga 2006 zuwa 2012, kotun New York ta same shi da laifin karɓar kuɗinsu. A Oktoban 2019 jami'an tsaro suka kama Ovidio, ɗan El Chapo, a Culiacán, 'yan bindiga suka mamaye birnin da rana tsaka, gwamnati ta sake shi don kada a yi asarar rayuka. Ranar kam hukuma ta durƙusa a gaban kowa.

To amma ka bi labarin zuwa ƙarshe. An sake kama El Chapo a 2016, an tasa ƙeyarsa zuwa Amurka, yana ɗaurin rai-da-rai. An koma an ɗauko Ovidio a Janairun 2023. A wannan shekarar ce Meksiko ta zama ta ɗaya a cinikin kaya da Amurka, a 2024 kuma aka yi zaɓe aka miƙa mulki ga Claudia Sheinbaum ranar da doka ta ce. Ƙasar da ke karɓar haraji, tana biyan fansho, tana ƙera motoci tana sayarwa, tana iya komawa ta ɗauko wanda ya kunyata ta, ciwonta mai tsanani ne, amma tana tsaye da ƙafafunta.

Kolombiya ma an yi mata ta'aziyya tun tana numfashi. Mutanen babban dillalin hodar iblis Pablo Escobar sun kashe ministan shari'a a 1984, sun kashe ɗan takarar shugaban ƙasa Luis Carlos Galán a 1989, sun tarwatsa jirgin fasinja a sama a shekarar, har gidan yarin da Escobar ya zauna shi ya gina abinsa. A 1991 kaɗai an kashe fiye da mutum dubu shida a birnin Medellín, cibiyar Escobar. A Disambar 1993 aka harbe Escobar a kan rufin gida, yau kuma baƙi ke zuwa birnin yawon buɗe ido. Italiya ma a 1992 'yan Mafiya sun tashi alƙalai biyu, Falcone da Borsellino, da bam cikin wata biyu, ban ji wanda ya ce Italiya ta ruguje ba. Wannan laƙabi, in ka lura, yana da irin ƙasashen da ake saurin liƙa wa, kuma sau da yawa mai liƙawar yana da abin da yake nema, ko tura soja ko yanke tallafi.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata. Inda hukuma ƙarama ce, kuɗin ƙwaya na iya fin ƙarfinta ɗungurungum. A Gini-Bisau an kashe babban hafsan soja da Shugaba Nino Vieira cikin 'yan sa'o'i a Maris ɗin 2009, tsohon shugaban sojan ruwan ƙasar kuma jami'an Amurka ne suka cafke shi a teku a 2013 kan cinikin hodar iblis. Haɗari na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne ranar da ɗan daba ya gano cewa tatsar jama'ar unguwa ya fi safarar kaya sauƙi. Daga nan zai fara yanka wa mai shago da mai mota da manomi kuɗin wata-wata, ya hana sata a yankinsa, ya raba gardamar gona da ta bashi. Ya zama hukuma ke nan, ya amsa tambayoyin nan uku duka. Na zauna da wata mata mai ƙaramin shago a irin wannan yanki, ta nuna mini littafin da take rubuta abin da take biyan 'yan daban. Na tambaye ta me ya hana ta kai ƙara ofishin 'yan sanda da ke kan layin. Ta dube ni kamar na yi wauta, ta ce ranar da aka fasa mata shago wajen yaran ta je, kafin magariba kayanta sun dawo. Wannan littafin ya fi duk wani rahoto da na karanta tayar mini da hankali.

Haiti ce ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. An kashe Shugaba Jovenel Moïse a ɗakin kwanansa a Yulin 2021. A 2022 'yan daba suka toshe babbar ma'ajiyar man ƙasar kusan wata biyu, asibitoci suka rasa man janareta. A Janairun 2023 wa'adin sanatoci goma na ƙarshe ya ƙare, ƙasa ta zauna babu zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya. A Maris ɗin 2024 aka fasa gidajen yari dubban fursunoni suka fice, Firaminista Ariel Henry da ya je Kenya neman 'yan sandan aro ya kasa sauka a ƙasarsa, daga waje ya yi murabus. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na babban birnin na hannun 'yan daba. A nan in ka ce ta ruguje ba zan yi maka musu ba.

Kuma rugujewa ba ta cika zuwa wa ƙasa gaba ɗaya lokaci guda ba. Gunduma-gunduma take ci, daga nesa da fada, shi ya sa mutum biyu 'yan ƙasa ɗaya za su yi ta gardama, kowa kuma gaskiyarsa yake faɗa, ɗaya yana babban birni ɗaya yana bayan igiya. Don haka Malam, in akwai ƙasar da kake nufi a ranka, faɗe ta mu duba tare. Abin da zan fara tambayarka shi ne ko albashin ƙaramin soja na isa hannunsa a ƙarshen wata, ko malamin makarantar da aka tura ƙauyen kan iyaka yana iya zuwa ya kwana a can, da kuma nisan da takarda mai hatimin gwamnati ke yi daga babban birni kafin wani ya riƙe ta kai a ƙasa.