Ba daga tukunya mutuwarsu ta fito ba

Ka tambaye ni, ɗana, cewa in har gidajen abincin nan na da, waɗanda tsofaffi ba sa gajiya da labarinsu, sun iya girki haka, me ya sa aka rufe su. A ganinka tsofaffin ne ke ƙara gishiri. Sukan ƙara kam, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Ɗauki birnin New York na Amurka. Har yau tsofaffinsa na kewar gidajen abincin Automat, na kamfanin Horn & Hardart. A Filadelfiya suka fara a 1902 da na'urorin da suka sayo daga Jamus, suka shigo New York a 1912. Bango ne guda cike da 'yan tagogin gilashi, kowace da farantinta a ciki. Ka jefa tsabar senti 5, ka murɗa, tagar ta buɗe, ka ɗauki abinka. Mai ci ba ya ganin mai zuba abincin, alhali a bayan bangon ma'aikata ne ke ta cike gurbin duk farantin da aka ɗauke.

Ni abin da ke burge ni a wajensu ba na'urar ba ce. A babban kicin ɗaya ake dafa abincin a rarraba wa rassa, kuma shugabannin kamfanin da kansu sukan zauna kullum su ɗanɗana. Kofi in ya yi minti 20 ba a sayar ba, zubarwa ake yi. Saboda haka abin da ka ci yau a wannan reshe, shi za ka ci gobe a wancan. Wannan rashin canzawar ita tsofaffin ke tunawa, ko da su kansu ba su san sunanta ba.

To me ya ci su? Kofinsu ya daɗe a senti 5, sai a 1950 ya koma 10. Kaya na ta tsada, ramin na'ura kuwa tsaba kaɗai yake karɓa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka yi ta ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, masu cin abincin dare a tsakiyar birni suka ragu. Daga baya abincin ma ya ja baya, gaskiya ne, amma sai da ciniki ya faɗi aka fara tsuke hannu wajen sayen kaya. A shekarun 1970 kamfanin ya mayar da wasu rassansa zuwa gidajen abincin gaggawa na Burger King, Automat na ƙarshe a New York ya rufe a 1991.

Delmonico's kuwa, wani gidan abincin na New York, doka ce ta taimaka wajen kayar da shi. An hana sayar da giya a Amurka a 1920, riba mai yawa ta tafi da ita, aka rufe a 1923.

Labarin Lutèce, shi ma gidan abinci a New York, shi ne ya fi shafarmu. Kukunsa André Soltner, mutumin Faransa, a saman gidan abincin yake kwana, da wuya a wayi gari ba ya kicin. Ya sayar a 1994, gidan ya lallaɓa zuwa 2004. Waɗanda suka gaje shi ba kasa girki suka yi ba. Masu ciniki dai wurinsa suke zuwa.

Kai yanzu hankalinka duk yana kan wuƙa da wuta, kuma daidai ne, daga nan kowa ke farawa. Amma duk abin da na nuna maka, ka auna shi ka rubuta, don kada ya zama sai ina tsaye yake fitowa daidai. Gobe ka zo da littafi da biro kafin mu kunna wuta. Faranti ɗaya za mu ɗauka mu lissafa abin da ya ci, daga kayan haɗi zuwa gas, haya da albashi, ka ga nawa ke saura.