Akwatin kifin da na haɗa da hannuna, zai daɗe kuwa?

Tambaya: Salam Malam. Ina Hotoro, wata takwas kenan da na haɗa akwatin kifin ado, mai gilashi ya yanka min na manna da silikon, matatar ruwan kuma da gorar roba da soso na yi ta. Yanzu kusurwa ɗaya tana tsattsafo, injin iskan ma sai gurnani yake. Dama kayan haɗin gida ba sa ƙarko ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna ƙarko mana, akwatin da aka manna da kyau yakan kai shekara 10 bai yi yoyo ba. Tsattsafo a wata takwas dai akwai inda aka kuskure, kuma silikon ɗin nake zargi, ko gilashin na da ƙura ko maiƙon hannu lokacin mannawa, ko an zuba ruwa tun bai gama bushewa ba, alhali yana son aƙalla awa 48. Kar ka shafa sabo a kan tsohon wallahi ɓata kuɗi ne, ba ya kamawa. Ka kwashe kifin a bokiti, ka kankare wurin tas da reza, ka goge da sifirit sannan ka sake. Ka kuma duba jikin robar silikon ɗin, wanda aka sa wa maganin fumfuna na banɗaki guba ne ga kifi.

Sai mazauninsa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, wato kilo 54 ban da tsakuwa, in teburin ya ɗan karkace duk nauyin a kusurwa ɗaya yake taruwa. Shimfiɗa masa farin soson nan da ake tallafe firij da shi a kwali.

Injin iska kuma akwai wata 'yar baƙar roba a cikinsa da ke bugawa, zafin Afrilu na Kano ke busar da ita ta tsage, ita kaɗai za ka canza. Da hunturu ƙura kan toshe audugar da ke ƙasansa, ka riƙa ciro ta kana kaɗewa. Amma abin da ya fi kashe shi a nan shi ne ajiye shi a ƙasa, ana ɗauke wuta ruwa ya biyo tiyo ya dawo cikinsa. Ni ma haka na rasa nawa na farko, na tashi da asuba na tarar tabarma ta jiƙe sharkaf. Ɗora shi sama da bakin ruwan kawai.

Soson matata kar ya ga omo ko ruwan famfo, ƙwayoyin da ke cinye dattin kifin a cikinsa suke zaune. Duk sati biyu ka matse shi a ruwan da ka ɗebo daga akwatin. In kuma da waya ka ɗaure gorar, cire ta yau, musamman ta tagulla, ka sa zaren lilo.