Hukuncin Kayan Da Aka Taɓa Haɗa Giya Da Su, Da Fesa Musu Sifirit

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazauniyar Mabera ce a nan Sakkwato, kuma tun bayan rasuwar maigidana da sana'ar zoɓo da lemun citta da kunun aya nake riƙe da yarana huɗu. Ƙanena da ke aiki a Fatakwal ya kawo mini kwali guda na kayan da ubangidansa, wani Bature, ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Akwai kwalaben gilashi masu murfi da zoben roba, da siririn tiyo, da mazurari, da mataci na ƙarfe, da muciyar katako, da wani matoshi na roba mai ɗan lanƙwasasshen bututu a kansa. Na wanke su da omo, na yi wata biyu ina aiki da su, sannan ya gaya mini cewa giya mutumin yake haɗawa da su a gida. Maƙwabcina, wanda ɗalibin ilimi ne, ya ce wanki ba ya tsarkake su, dole in farfasa su kamar yadda sahabbai suka yi, kuma ya ce najasa na yi ta shayar da Musulmi. Sannan na ga a YouTube masu irin wannan kaya suna fesa wa ƙananan sifirit ba tare da ɗauraya ba, ni ma na fara sayowa a kemis ina yi. Yanzu lemun cittar yakan kwana uku a rufe bai yi tsami ba, idan an buɗe ya yi "fuus", kuma masu saye sun fi son sa haka. Mene ne hukuncina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a neman halal ɗin da kike yi musu.

'Yata, abin da ya hana ki barci a cikin wannan tambaya shi ne mafi sauƙi, abin da kuma kika ambata a ƙarshe kamar labarin ci gaban kasuwa shi ne ya fi ɗaga mini hankali. Bari in fara sauke miki nauyin farko. Haramcin giya da sayar da ita da taimakawa a kanta ba abin da sai an karanta miki hujja ba ne. A wurin jumhurun malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, giya najasa ce, amma najasar da ta taɓa gilashi ko ƙarfe ko roba mai tauri a sama take tsayawa, kuma ruwa yana gusar da ita. Ba a buƙatar niyya, ba a buƙatar wanki bakwai. Abin da ake nema shi ne a wanke har ruwan ya riƙa zubowa bai canza launi ko ɗanɗano ko wari ba, kuma ya kasance ruwa ne tsantsa wanda ba a garwaya shi da sabulu ko wani abu ba. Ba na zaton akwai matar da za ta wanke kwalba da omo ta zuba zoɓo ba ta ɗauraye ba, to wannan ɗaurayar ita ce tsarkin. Kai, ko da a ce ba ki ɗauraye ba, Shaihu Halilu ya faɗa a cikin Muhtasar cewa idan ainihin najasa ya gushe da abin da ba ruwa tsantsa ba, to abin da ya taɓa wurin daga baya ba ya najastuwa. Saboda haka zoɓon da kika zuba a kwalaben nan wata biyu mai tsarki ne, kuɗinsa halal ne.

Muciyar ce kaɗai ta fita daban. Malamanmu sun ce tukunyar ƙasa wadda najasa mai ratsawa ta daɗe a cikinta har ta tsotse ba ta tsarkaka da wanki, kuma masu sharhi sun riskar da kayan itace masu tsotsa da ita. Muciyar da aka daɗe ana juya giya da ita ki sa ta a murhu. Abin da ya wuce kafin ki sani babu laifi a kanki.

Maganar maƙwabcinki kuwa ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da yake nufi shi ne labarin Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, lokacin da yake shayar da Abu Ɗalha da Abu Ubaida da Ubayyu ɗan Ka'ab, sai wani ya zo ya ce an haramta giya, Abu Ɗalha ya umarce shi ya fasa tulunan, ya ɗauki turmin dutse ya doke su har suka farfashe. Labarin ingantacce ne, sai dai bai kai inda maƙwabcinki ya kai shi ba. Wanda ya ba da umarnin Abu Ɗalha ne, a ranar da hukuncin ya sauka, cikin zafin biyayya, kuma a wata ruwayar ta wannan labarin cewa kawai ya yi a zubar da ita. Sannan tuluna ne irin waɗanda giya ke shiga jikinsu, hukuncinsu ɗaya da muciyarki, ba su yi kama da gilashi ba. Idan muka koma ga abin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke da bakinsa, sai mu ga a Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, da aka dafa naman jakunan gida ya ce a zubar a fasa tukwanen, wani mutum ya tambaya ko za su iya zubarwa su wanke, ya amince masa. Haka kuma Abu Sa'alaba ya tambaye shi game da ƙoran Ma'abota Littafi, waɗanda a ruwayar Abu Dawuda aka bayyana cewa suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙoransu, ya ce idan ba a sami wasu ba a wanke su da ruwa a ci a sha. Wannan kusan ita ce mas'alarki baki da baki.

Na san maƙwabcinki zai ce ai an gindaya sharaɗin rashin samun wasu. Amsarsa ita ce malamai sun ɗauki wannan a matsayin abin da ya fi, saboda ƙyamar da rai ke yi wa irin waɗannan kaya, domin da wanki ba ya tsarkakewa, rashin wata ƙwarya ba zai mayar da najasa tsarki ba. Fasa kayan giya a matsayin horo kuwa aikin hukuma ne a kan wanda aka kama yana yi ko yana sayarwa, ba a ɗora shi a kan matar da kaya suka zo mata kyauta, ta juya su zuwa halal. A tilasta wa mai riƙon marayu ta lalata jarinta ba tare da nassi ba, wannan tozarta dukiya ne, kuma an hana. Ina yi wa ɗalibai nasiha da su san cewa hadisi ɗaya ba ya zama fatawa sai an tattaro 'yan'uwansa na babin, balle a ce wa baiwar Allah ta shayar da Musulmi najasa.

Sai batun sifirit. A nan mutane kan cakuɗa abu biyu, tsarki na shari'a da kashe ƙwayoyin cuta. Sifirit da bilic suna kashe ƙwayoyin cuta amma ba sa tsarkake najasa a mazhabarmu, ruwan rijiya kuma yana tsarkake najasa alhali yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda da amai da gudawa. Ke mai sayar wa jama'a abin sha kina buƙatar duka biyun. Shi kansa sifirit malamai sun yi saɓani a kansa. Tun a zamanin farko Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad suna ganin giya haram ce amma ba najasa ba ce, kuma taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa babu laifi a yi amfani da shi wajen tsabtace fata da rauni da kayan aiki. Ba na cewa wanda aka shafa wa sifirit kafin allura ya je ya yi wanka. Amma ke na hana ki, ta wata ƙofa dabam. Sifirit ɗin kemis don fata aka yi shi, kuma galibi da gangan ake zuba masa sinadarin metanol don kada a sha, shi kuwa metanol yana makantarwa, yana kisa. Gaskiya ne yana bushewa da sauri a kan faranti, to amma a cikin siririn tiyo ko ƙarƙashin zoben roba fa? Can yake maƙalewa har lemo ya biyo ya kwashe shi, kuma yara ne mafi yawan masu sayen kayanki. Abin da wasu masu irin wannan kaya ke yi na zuba barasar sha a cikin ɗan bututun matoshi, wannan haram ne, tun daga sayenta.

Abin da ya ishe ki yana cikin madafarki. Ki fara cire zoben robar daga kowane murfi, domin a ƙarƙashinsa dauɗa ke taruwa, za ki ga wani baƙi-baƙi mai yauƙi da wanki daga waje bai taɓa kaiwa gare shi ba. Ki wanke komai da sabulu da buroshi, ki ɗauraye, don babu maganin da ke aiki a kan datti. Sannan mataci da mazurarin ƙarfe da murafe ki tafasa su minti 10. Kwalabe ki sa su a tukunya tun ruwan yana sanyi su yi zafi tare, in ba haka ba za su tsage. Kayan robar da ba sa jure wuta ki jiƙa su minti 20 a ruwa lita 4 da aka zuba wa bilic cokali ɗaya na cin abinci, ki ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, kada ki ɗebo kai tsaye daga jarkar ɗan garuwa ki mayar da abin da kika kashe. Kada ki haɗa bilic da wani maganin wanki ko da ruwan tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne, kuma kada ki bar ƙarfe ya kwana a cikinsa. Tiyon da zobban robar, shawarata ki sayi sababbi, ba don najasa ba, sai don tsohuwar roba tana da tsaguwar da ido ba ya gani.

Yanzu ga inda hukuncin yake juyawa. Wannan "fuus" da masu sayenki ke so ba irin iskar lemun kamfani ba ce, wadda inji ke ɗurawa. A jikin bawon citta akwai yis na halitta, idan ya sami sukari da ɗumi sai ya ci sukarin ya fitar da abu biyu a lokaci guda, iska da barasa, ba ya fitar da ɗaya ya bar ɗaya. Tsamin nono da na kunun zaki yawancinsa aikin wasu ƙwayoyi ne dabam, shi ya sa ba mu damu da shi ba. Ke kuwa da kika toshe kwalba kwana uku, hanyar da Baturen nan yake bi kika kama ba ki sani ba. Ba zan ce miki abin da kika sayar ya kai giya ba, domin mai yiwuwa abin da ya taru kaɗan ne da ko an sha da yawa ba ya bugarwa, kuma a kan bugarwa hukunci yake rataye. Amma ba ki da ma'auni, kuma kin san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da yake haura digiri 40 ga wutar lantarki ba ta zama, abin da zai yi kwana uku a wani gari a nan kwana ɗaya ya ishe shi. Kada wani ya kawo miki hadisin Ibn Abbas na jiƙon da ake yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana sha har yammacin rana ta uku, ya ce an ba ki kwana uku. Shi yana sha ne matuƙar jiƙon bai canza ba, ke kuwa canzawar kike jira. Shari'a ta kula da wannan har ta yi magana a kan irin mazubin da ake jiƙo a ciki, kamar yadda littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ambaci hani ga yin sa a cikin duma da abin da aka shafe da kwalta, saboda suna gaggauta shi mai shi bai ankara ba.

Don haka bai halatta ki ci gaba da ajiye shi da nufin ya yi iska ba. Ki dama abin da za ki iya sayarwa a yini, ki sa masa ƙanƙara, wanda ya kwana ya fara kumfa ko warinsa ya juya ki zubar, kada ki rage kuɗinsa, kada ki ba almajirai. Za ki rasa wasu masu saye, na sani, kuma ribar sati na farko za ta ragu. Ki sani kuma kwalbar gilashi da iska ta cika tana fashewa da kanta, ga yara a tsakar gida.

Ƙanenki ki gode masa, alheri ya nufa, amma ki gaya masa cewa tun ranar farko ya kamata ya faɗa miki asalin kayan. Matoshin nan mai lanƙwasasshen bututu kuwa aikinsa shi ne ya bar iska ta fita yayin da abin sha ke ƙosawa, babu abin da zai yi wa zoɓo. Kada ki sayar da shi, kada ki ba wanda kike zargin zai haɗa giya da shi. Idan maƙwabcinki har yanzu yana neman abin fasawa, ki miƙa masa wannan.

Wallahu a'alamu.