Ƙanenka ya san komai, matanka ba su san komai ba

Tambaya: Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, mata biyu da 'ya'ya bakwai, muna haya a Agege. Maƙwabcina ma'aikacin kamfani ya rasu, daga baya aka biya iyalinsa kuɗi masu kauri. Mu 'yan kasuwa muna da irin wannan fansho? Ƙanena na sa a gurbin makusanci a banki, takardar rumfa da sunansa take, shi ya san masu bashina. Akwai kuma wata manhaja mai ba da ribar kashi 20 duk wata, ina so in zuba miliyan 3 don iyali su riƙa ci bayan raina.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara tsawon rai. Maganar manhaja a bar ta. Kai da kake sauke tirela ka san ko a shekarar da albasa ta yi tsada ba ka cin kashi 20 kowane wata. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ita ma haka ta yi alkawari kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016.

Abin da iyalin maƙwabcinka suka karɓa kuɗi biyu ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ajiye aƙalla kashi 8 na albashinsa, mai kamfani ya ƙara kashi 10, kuma dole kamfani ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. Kai ba ka da ubangidan da zai zuba maka. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙaramin tsarin fansho a 2019, kana zubawa gwargwadon hali, wani kaso kana iya cira idan buƙata ta taso, saura a ajiye. In ka rasu, abin da ka tara da ribarsa shi za a ba magada. Ba albashi ba ne da za a riƙa biyan mata har abada. Ka buɗe, yana da amfani, amma ba nan ciwonka yake ba.

Ciwonka shi ne duk dukiyarka tana cikin kan mutum ɗaya. Ban ce ƙanenka maci amana ba ne. Amma in dai kana da ɗa namiji, a shari'a ƙane ba shi da ko sisi a gadonka, ga shi kuma takarda ta ce rumfa tasa ce. Sannan sunan makusanci a fom ɗin banki ba ya ba kowa ikon cire kuɗi, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa zai kulle asusun sai an kawo takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga kotu. A nan Legas sashen gado na Babbar Kotun Jiha ake zuwa, akwai ofishinsa a Ikeja. Za su nemi shaidar mutuwa, masu tsayawa, jerin dukiya, a buga sanarwa a jarida, a kuma biya kaso daga darajar dukiyar. Watanni ake yi. Kamfanin fansho ma irin wannan takarda yake nema.

Ga yadda abin ke kasancewa a kasuwa. An yi jana'iza, ana zaman makoki. Mai kayan da ya yi lodi daga Aliero ya bugo waya yana bin kuɗin buhu 80, da shaidarsa a hannu. Matan da suka ɗebi albasa bashi don kai wa Oyingbo da Mushin, ba wanda ya zo, don ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Masu binka suna tunawa, waɗanda kake bi suna mantawa. Ƙane ya ci gaba da zama a rumfa, ya ce yana juya wa marayu. Shekarar farko yana aiko da cefane, ta biyu albasa ta ruɓe a hanya, ta uku ba mai iya cewa ga jarin mamaci ga nasa. Tun matan mamaci na takaba kuma, mai gida na jiran kuɗin hayar shekara.

Maganinsa littafi ne na 'yan ɗaruruwan naira. Shafi ɗaya ga kowane mutum: suna, lambar waya, kwanan wata, buhu nawa, nawa ya biya, nawa ya rage. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka kada kunya ta hana ka. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan a tura wa babban ɗanka. Takardar rumfa ka je wurin shugabannin kasuwa a mayar da sunanka. In kuwa ƙanenka na da hannun jari, a rubuta kason kowa gaban shaidu biyu, yanzu da kuke dariya da juna.

Sai wasiyya. Ka zauna da malami da lauya tare, malami ya tsare hukunci, lauya ya tsare yadda kotu za ta karɓa. Ana fara biyan bashi, wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ka dubi lissafin: in an bar miliyan 8 bayan bashi, tumunin mata miliyan 1 ne, kowacce dubu 500. Kwana nawa wannan zai yi a Legas?

Saboda haka miliyan 3 ɗin nan, ka buɗe wa kowace mata asusu da sunanta, ka saka abin da zai riƙe ɗakinta wata shida har da haya. Ya zama kyauta ce ta gaske da ta shiga hannunta, don a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu gado take komawa. Ragowar ka duba takaful na iyali, wato inshorar Musulunci, akwai kamfanoni irin su Noor da Jaiz a ƙarƙashin hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM. Ka tambaye su nawa za a biya in ka rasu a shekarar farko, da abin da ke faruwa in ka tsallake zubi. Takardar takaful ɗin kuma kada ta kwana a rumfa, ka kai ta gida ka nuna wa matan biyu inda take.